Araha ba ta ado? Fashin baƙi kan manufar magani mai sauƙin kuɗi a Najeriya

Kwanakin baya ina tsaye a wani kemis a unguwarmu ina jiran a sallame ni, sai ga wani dattijo ya shigo da takardar asibiti a ninke cikin hularsa. Maganin hawan jini aka rubuta wa maiɗakinsa. Yaron kemis ya duba takardar, ya juya ya ɗauko kwali biyu ya ajiye a kan kanta, ya ce, "Baba, ga mai kyau, ga kuma ɗan Indiya." Kuɗin na farkon ya kusa ninka na biyun sau huɗu. Dattijon ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga wancan ya jujjuya, ya zaro kuɗin aljihunsa ya ƙirga. Can sai ya ce a ba shi mai kyau ɗin, amma na kwana goma kawai. Abin da ya biya ɗin nan, da ɗayan ya ɗauka, da ya samu na wata guda har da canji.

Na leƙa kwalayen biyu. A ƙarƙashin babban sunan da ke jikin kowanne, kalma ɗaya ce aka rubuta da ƙananan haruffa: amlodipine, miligiram 5. Magani ɗaya ne, ƙarfi ɗaya. Hawan jini kuwa ba ciwon kwana goma ba ne, wato baiwar Allahn nan za ta yi kwana ashirin babu magani kafin wani kuɗin ya shigo hannun mijinta.

Ban ga laifin dattijon ba, har yanzu kuma ban gani ba. Duk wata manufa ta gwamnati kan magani mai sauƙin kuɗi, a gaban kantar nan take cin nasara ko ta faɗi, kuma abin da ya hana shi ɗaukar mai arahar shi ne abin da ya kamata mu tona.

Kowane magani suna biyu gare shi, sunan yanka da laƙabi. Sunan yanka shi ne na sinadarin da ke aiki a jiki, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke raɗa shi, kuma ko'ina ka je a duniya galibi shi ne. Laƙabi kuwa kamfani ne ke laƙaba wa nasa don kasuwa. Paracetamol sunan yanka ne, Panadol laƙabi. Idan kamfani ya ƙirƙiro sabon magani, doka na ba shi haƙƙin mallaka, shekara 20 a ƙarƙashin yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da ta fara aiki a 1995. Cikin wannan wa'adi shi kaɗai ke yi, shi kaɗai ke yanka farashi, da hujjar zai fanshe abin da ya kashe wajen bincike. Da wa'adin ya cika, ƙofa ta buɗe ga duk kamfanin da ya iya. Abin da waɗannan kamfanoni ke yi shi ake kira jenerik. Amlodipine ɗin nan na dattijo, kamfanin Pfizer ne ya fito da shi da laƙabin Norvasc, haƙƙin mallakarsa kuma ya ƙare a Amurka tun 2007. Masu yin sa yanzu ba su biya kuɗin bincike ba, ba sa kashe kuɗi a talla sosai, ga su da yawa suna rige-rigen kasuwa. Daga nan arahar ta fito, ba daga rage sinadari ba.

Amma da sharaɗi. Kafin a yarda cewa jenerik ya yi daidai da na asali, sai an gwada shi a jikin mutane masu lafiya da suka amince, a ba su wannan a ɗebi jini a auna, a ba su wancan a sake aunawa, a tabbatar adadin da ke shiga jini da saurin shigarsa sun yi daidai. Sai kuma an binciki masana'antar an ga tana bin ƙa'ida. Inda ake tsare wannan sharaɗi, babu mai ɗaga gira. A Amurka, ƙasar da manyan kamfanonin magani suka fi ƙarfi, kusan tara cikin kowace takardar magani goma da jenerik ake sallamar mai ita.

Wanda yake son ya ga iyakar abin da araha ke iya yi, ya dubi tarihin maganin cutar ƙanjamau. Wajen shekarar 2000, kuɗin maganin mutum ɗaya na shekara ya haura dala 10,000. A Afirka, jin kana ɗauke da cutar tamkar jin ranar mutuwarka ne. A watan Fabrairun 2001, Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla na Indiya, ya ce zai sayar da haɗin magunguna uku a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana. A daidai lokacin, kamfanonin magani 39 suna kotu da gwamnatin Afirka ta Kudu kan dokar da ta yi a 1997 don sauƙaƙa farashi. Duniya ta yi musu ca, suka janye ƙarar a watan Afrilu. Zuwa 2023, Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro yana sayen maganin shekara guda a ƙasa da dala 45.

Akwai abu ɗaya a labarin nan da ba a cika faɗa ba. A 2001 ɗin dai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin tantance masana'antu da magungunansu kafin manyan masu saye su saya. Shi ya sa mai karɓar maganin ƙanjamau a asibitin Kano ko Maiduguri ba ya tambayar ko ɗan Indiya ne. Ɗan Indiyan ne mafi yawa, kuma yana aiki, domin wani ya tsaya ya tantance kafin ya iso hannunsa.

Najeriya ba ta makara ba wajen rubuta manufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna na farko a 1977, guda ɗari biyu da 'yan kai, bisa tunanin cewa yawancin cututtukan jama'a ba sa buƙatar dubban magungunan da ke kasuwa. A zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, aka yi doka mai lamba 43 ta 1989 da ta kafa namu jerin, aka biyo da manufar magunguna ta ƙasa a 1990, aka sabunta ta a 2005 da 2021. Abin da takardun ke cewa a fili yake: asibitocin gwamnati su sayi abin da ke cikin jerin, su saya da sunan yanka, likita kuma ya rubuta da sunan yanka. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. To me ya hana abin isa ga kantar kemis?

Na farko, kuma mafi nauyi a ganina, shi ne yarda. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, kuma a harkar magani jama'armu sun koyi wannan karin maganar da hawaye. A 1990 yara fiye da ɗari suka mutu a Jos da Ibadan bayan shan paracetamol na ruwa da aka haɗa da sinadari mai guba. A ƙarshen 2008 maganin haƙoran yara na My Pikin ya kashe yara 84, da wannan guba dai. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan maganin tari da aka yi a Indiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko bai kai inganci ba. Mutumin da ya taɓa shan maganin zazzaɓi kwana uku jikinsa bai ko motsa ba, ya canza zuwa mai tsada ya warke, babu laccar da za ta sauya masa ra'ayi. Ƙarin kuɗin da dattijon nan ya biya ba na magani ba ne, kuɗin kwanciyar hankali ne. Abin da hukuma ya kamata ta ba shi kyauta, shi ya saya daga aljihunsa.

Abin takaicin shi ne tsadar ma ba ta tsare shi. Mai yin jabu ɗan kasuwa ne, inda riba take nan yake zuwa, don haka kwalin mai tsada da kowa ya sani shi ya fi kwaikwaya. Kuma yawancin abin da ake kira mai kyau a kemis ɗinmu ba na kamfanin asali ba ne. Jenerik ne shi ma, wani ɗan kasuwa ya je Indiya ko Sin aka buga masa da laƙabin da ya zaɓa da kwali mai sheƙi. Maganin zazzaɓin cizon sauro ɗaya, artemether da lumefantrine, sai ka same shi da laƙabi barkatai a shago guda, kowanne da kuɗinsa. Tsakanin farashi da inganci babu wata igiya da mai saye zai kama.

Ba a ce ba a yi komai ba. An kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a 1993, kuma duk wanda ya yi wayo a farkon shekarun 2000 ya san yadda marigayiya Dora Akunyili ta sa mutane suka koyi duba lambar hukumar a jikin kwali, har aka nemi ranta a kan haka. Daga 2010 aka kawo tsarin kankare kati a tura lamba ta waya don a gane na gaskiya. A Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora NAFDAC a mataki na uku cikin huɗu na ƙwarewar hukumomin sa ido, matakin da ƙasashen Afirka ƙalilan suka kai. A Kano, cikin 2024, aka tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar cibiyar da ke Dangwauro a kan titin Zariya, bayan shekaru ana ja-in-ja. Wannan tashi ya fi muhimmanci fiye da yadda aka ɗauke shi, domin daga Kano magani ke bazuwa zuwa yawancin Arewa har ya tsallaka Nijar da Chadi. Kuma magani, ko da ya fito daga masana'anta lafiya lau, idan ya kwana wata uku a shagon kwano cikin zafin bazara, ko ya yini a faranti a kan ɗan talla a tasha, ba lallai ya kai ga mara lafiya da ƙarfinsa ba.

Mun taɓa ganin abin da ke faruwa idan araha da yarda suka haɗu. Daga 2010 aka shigo da maganin zazzaɓin cizon sauro mai tambarin koren ganye a Najeriya da Nijar da Gana da wasu ƙasashe. Masu ba da tallafi ne suka biya yawancin kuɗin tun daga masana'anta, kuma sai wanda aka tantance ake buga wa ganyen. Uwa ba ta buƙatar iya karatu, ganye kawai za ta nema. A Najeriya da Gana farashi ya faɗi, ingantaccen maganin ya cika shaguna. Rauninsa shi ne da kuɗin waje aka yi, da tallafin ya ja baya farashi ya koma hawa.

Na biyu shi ne alƙalamin likita. Mara lafiya ba ya zaɓen magani, abin da aka rubuta yake nema, kuma idan laƙabi aka rubuta, ko mai kemis ya ce masa ga irinsa, sai ya ce a'a, wanda likita ya rubuta nake so. Wasu likitocin suna rubuta laƙabi ne saboda su ma sun taɓa ganin maganin da bai yi aiki ba, suna tsoron a dawo musu da mara lafiya ya rikice. Wannan uzuri ne da nake girmamawa. Amma akwai kuma 'yan tallan kamfanoni da ke zarya a asibitoci da biro da kalanda da gayyatar taro, kuma ba don Allah suke zaryar ba. Afirka ta Kudu ta magance wannan da doka: wajibi ne mai harhaɗa magani ya sanar da kai cewa akwai mai sauƙin kuɗi, ya kuma ba ka shi, sai idan kai ka ƙi ko likita ya rubuta da hannunsa cewa kada a canza. Hurumin likitan nan yana da amfani, domin akwai magungunan da ɗan bambanci kaɗan ke yi wa tasiri, kamar wasu na farfaɗiya da na tsinka jini, waɗanda bai kamata a riƙa yi wa mara lafiya canje-canje ba tare da sanin likitansa ba. Amma waɗannan 'yan tsiraru ne.

Na uku shi ne ɗakin ajiyar magani na asibitin gwamnati, inda kalmar da aka fi ji ita ce "babu, sai dai ka saya a waje." A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako suka amince da wata dabara: a ba asibiti jarin magani, ya sayar da ɗan ƙari kaɗan, ya juya kuɗin ya sake sarowa. Shi ne tsarin jujjuya kuɗin magani. Manya za su tuna maganin asusun rarar man fetur, wato PTF, na ƙarshen shekarun 1990, wanda aka raba wa asibitoci a kan wannan tsari. Dabarar ba ta da aibu, amma jari abu ne mai saurin karyewa. A ari kuɗin a sayi man janareta da niyyar mayarwa. A ba wani babba bashi. Gwamnati ta yi shelar magani kyauta ga mata masu ciki da yara, amma kuɗin da za a mayar wa asusun ya maƙale. Sai hauhawar farashi ta zo ta ƙarasa: abin da ka sayar jiya, kuɗinsa ba zai sayo maka rabinsa ba yau. Idan kantar asibiti ta bushe, sai kemis ɗin da ke bakin ƙofa ya cika.

A nan ne nake ganin ya kamata jihohinmu su zauna su karanci abin da jihar Tamil Nadu ta Indiya ta yi. A 1994 ta kafa kamfani guda na gwamnati da ke saye wa duk asibitocinta magani. Yana saye da sunan yanka, daga masana'anta kai tsaye, ta hanyar gasar kwangila a fili. Kowane rukunin magani da aka kawo sai an ɗebi samfuri an cire alamar kamfanin an aika ɗakin gwaji, kuma ba a raba shi sai ya tsallake. Wanda kayansa suka faɗi, a mayar masa, idan ya maimaita a rufe masa ƙofa. Kowane asibiti yana da ɗan littafi kamar na banki, da shi yake zuwa rumbun gundumarsa ya ɗebi abin da yake buƙata daidai kasonsa. Sirrin bai wuce biyu ba: mai saye da yawa shi ke yanka farashi, mai biya a kan lokaci kuma shi kamfanonin kirki ke bi. Gwamnatin tarayyar Indiya ta ƙara da shagunan Jan Aushadhi daga 2008, masu sayar da jenerik zalla, waɗanda suka kai 10,000 a ƙarshen 2023.

Kano da Kaduna da Jigawa da Yobe duk suna da hukumomin saye da rarraba magunguna da aka gina a kan irin wannan tunani. Ma'aunin da zan auna kowacce da shi ba girman rumbunta ba ne. Shin tana gwada kowane rukuni kafin ta raba? Shin tana biyan masu kawo mata kaya a kan kari? Shin kuɗin asusun yana da katangar da ko kwamishina ba zai tsallaka ba?

Shekarar 2023 ta tone duk wannan rauni a lokaci guda. Aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kamfanin GSK ya sanar a watan Agusta cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, Sanofi ya bi sahu a Nuwamba. Masu asma da masu ciwon suga sun san abin da ya biyo baya. Ƙasar da ke shigo da kusan kashi 70 cikin ɗari na magungunanta, wadda masana'antunta na gida ma daga Indiya da Sin suke sayo sinadaran, ba ta da inda za ta ɓuya idan kuɗinta ya faɗi. Maƙwabtanmu na Nijar sun sha irin wannan a 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, kuma wannan girgiza ce ta tura ƙasashen sefa rungumar jenerik da gaske. A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin cire haraji da kuɗin fito daga injuna da sinadaran haɗa magani na tsawon shekara biyu. Mataki ne mai kyau, amma sauƙin da aka yi wa mai masana'anta ba ya gangarowa ga mai saye da kansa, sai da gasa ko babban mai saye da zai matsa. Yin magani a gida kuma ba ya nufin araha nan take, muddin masana'anta da dizal take aiki kuma da bashin banki mai tsadar ruwa. Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne kamfanin Swipha na Legas da ya samu shaidar tantancewar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 a kan ƙwayar zinc ta gudawar yara, domin hakan ya nuna ingancin da ake nema bai fi ƙarfinmu ba.

Sai batun wanda ke biya. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mara lafiya yake fita. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, amma mafi yawan jama'a har yanzu suna waje. Wannan ya shafi farashin magani kai tsaye. Mutum ɗaya da takarda a hannu da mara lafiya a gida ba ya iya ciniki, abin da aka ce masa shi zai biya ko ya rage adadi. Hukumar da ke saye wa mutum miliyan ita ke iya cewa ga abin da zan biya, ga kuma ingancin da nake so. Sai dai ita ma inshorar yarda ce jarinta. Ma'aikata da yawa da ke cikinta suna ƙorafin cewa ƙaramin magani ake ba su, wasu har su karɓa su ajiye su je su sayi wani. Idan hukumar ba ta nuna musu a fili cewa an gwada abin da take ba su ba, ta biya kuɗi kuma ba a sha maganin ba.

A kemis ɗin nan, na buɗe baki zan ce wa dattijon, Baba, ɗauki ɗayan, duk abu ɗaya ne. Sai na sake duba ƙaramin kwalin. Lambar NAFDAC tana jiki, kwanan watan lalacewarsa da saura. Amma ban san ta hannun wa ya biyo ba, ban san a wane ɗaki ya yi bazara ba, ban kuma san ko wani ya taɓa ɗibar samfurin wannan rukunin ya gwada ba. Lafiyar matarsa ce, ba tawa ba. Na ce masa dai idan ya koma asibiti ya nuna wa likita ko mai ba da magani sunan ƙaramin, ya tambaya ko za ta iya shan sa kullum ba yankewa. Ya ce to, Allah ya yi albarka. Yaron ya ba shi katin ƙwaya goma, ya haɗa da takardar ya mayar cikin hularsa ya fita.